Ranar Da Mai Hatsi Ya Kawo Mini Ɓeraye

'Yan uwana masu bin wannan labari, ku gyara zama, wadda ta ɗora tukunya ta rage wuta. Yau bakina cike yake da godiya, mai godiya kuwa ba ya iya gajarta magana. Wadda yau ta fara leƙowa ma kada ta damu, zan riƙe hannunta.

Ni ce auta a gidanmu, aikina kuma ɓeraye. Eh, daidai kuka karanta. A wani wurin bincike nake aiki, inda muke kiwon fararen ɓeraye cikin akwatunan roba masu murfin ƙarfe, a ɗaki mai sanyi wanda ya fi ɗakin amarya tsafta. Wasu mukan ba su tsutsar ciki da gangan, wasu mu bar su lafiyarsu ƙalau don mu samu abin kwatantawa. Idan lokaci ya yi sai mu ɗebi ɗigon jini a wutsiyar kowanne, mu duba ko jikinsa ya ƙera makamin yaƙi da tsutsar. Antibodi muke ce wa makamin nan. A cikin jini yake yawo, kuma kowace cuta da nata, yadda kowace ƙofa take da makullinta. Abin da nake son ganewa shi ne, ɓeran da ya taɓa yin tsutsa aka ba shi magani ya warke, in ta sake dawowa, jininsa yana tuna ta? In yana tunawa, wataƙila wata rana a samu rigakafi, yara su huta da shan magani yau, tsutsa ta dawo gobe. Ni kaina na sha fama da ita ina ƙarama, ciki kamar ganga, ƙafa kamar tsinke. Har yau Mama takan ba da labarin in ta so kunyata ni gaban baƙi.

Amma Mamar nan dai ita ta kafa mini doka: kada in kuskura in furta ɓera ko tsutsa gaban manemi. Ban ga laifinta sosai ba. Wanda ya fara zuwa wurina ma'aikacin banki ne. Ana cikin shan shayi na zage ina masa bayanin yadda ake ƙirga ƙwan tsutsa a kashin ɓera. Bawan Allah ya ajiye kofi a hankali, ya ce ya tuna da wani uzuri. Har yau uzurin bai ƙare ba. Tun daga ranar Gwaggo, yayar Baba, ta raɗa mini Likitar Ɓeraye, duk taron dangi sai ta ja mayafina ta shinshina, ta ce wai tana jin warin dusar katako.

Sai Allah ya kawo Mai Hatsi. Haka na ajiye lambarsa a waya, haka kuma zan kira shi a nan. Shagonsa yana daf da inda nake jiran mota, buhunan shinkafa da wake da fulawa jere har rufi. Wata rana ruwa ya tsuge na fake a bakin shagon, ya turo mini kujera, ya koma kan sikelinsa. Daga kujera aka kai ga gaisuwa, daga gaisuwa aka kai ga waya. Mutum ne mai ƙarancin magana, kullum da farin ƙurar fulawa a hannun rigarsa, in ya yi dariya sai ya sunkuyar da kai kamar wanda ya yi laifi. Mama ta gan shi sau biyu ta ce hankalinta ya kwanta da shi. Ta kira ni ɗaki ta rufe ƙofa, ta ce in ya tambayi aikina in ce masa ɓangaren gwajin jini nake, ai ba ƙarya na yi ba. Na bi maganarta, amma duk sa'ad da ya ce Allah ya ba marasa lafiyarki sauƙi, sai in amsa amin cikin jin kunya.

Ranar da asiri ya tonu ba shiri na yi ba. An sanar da mu a wurin aiki cewa sababbin ɓerayen da nake jira don zagaye na gaba ba za su iso ba, sai abin da hali ya yi. Na dawo gida a gajiye, ko takalmi ban cire ba na zube kan gado, wayar ta yi ƙara.

*Yau kin yi shiru, Malama. Lafiya?*

Na ce lafiya lau, aiki ne ya cushe.

*Marasa lafiya sun yi yawa ne?*

Na daɗe ina kallon tambayar nan. Sai zuciya ta ce, ke, ramin ƙarya ƙurarre ne, har yaushe? Na rubuta: *Ba mutane nake dubawa ba. Ɓeraye nake kiwo, ina ba su tsutsar ciki ina gwada jininsu. Waɗanda nake jira ba su zo ba, in babu ɓera kuwa babu aikina.*

Na ga ya karanta. Ya fara rubutu, ya daina, ya sake farawa.

*Ɓera dai da na sani?*

*Shi.*

*To.*

To ɗin nan ita ce ƙarshen abin da na ji daga gare shi har sati ya zagayo. Sai a lokacin na tuna wanda nake magana da shi. Mai shagon hatsi fa. Mutumin da ya taɓa ba ni labarin yadda ɓera ya huda masa buhu bakwai a dare ɗaya, yana faɗa muryarsa na rawa. Na sauya inda nake jiran mota don kunya. Da Mama ta matsa na gaya mata gaskiya, ba ta yi faɗa ba, ta dai dube ni ta ce Allah ya shirye ni, wanda ya fi faɗa ciwo. Gwaggo kuwa da labari ya kai mata sai ta bugo waya musamman, ta ce gara in gaya wa mai kiwon kaji cewa shaho nake reno.

Kwatsam ranar Lahadi da safe saƙo ya shigo: *Da la'asar zan zo gaishe da Mama. Ina da ɗan saƙo.*

Ku riƙe wannan a ranku: washegari Litinin ita ce babbar ranar aikina. Ɓerayen da ke hannuna, waɗanda na ba tsutsa, na ba magani, na sake ba tsutsa, ranar za a ɗebi jininsu. Ba a ɗagawa, domin makamin nan hawa yake yi a jini ya sauka, in ka kuskure lokacinsa wahalar watanni ta bi ruwa.

Mama ta sa aka sauya labulen falo, aka fito da kofunan baƙi masu bakin zinare waɗanda mu 'yan gida ba ma taɓawa. Na sa doguwar rigata ruwan toka mai ɗinkin zare a wuya, na yafa farin mayafi. Ba wanda ya gayyaci Gwaggo, amma kafin la'asar ga ta nan ta cika kujera mai cin mutum biyu, da ƙatuwar jakarta mai buɗaɗɗen baki a gefen ƙafa. Wai hanya ce ta biyo da ita daga kasuwa. Ta ma zaro sabon leshin da ta saya ta nuna wa Mama, ta mayar.

Ya yi sallama ya shigo, rungume da wani abu kamar akwati an lulluɓe shi da sabon tawul. Ya durƙusa ya gaida Mama, ya gaida Gwaggo, ya ajiye kayan tsakiyar kafet. Gwaggo ta taɓo Mama da gwiwar hannu, na ji tana raɗa cewa daga ganin girman, turaruka ne da atamfa. Ni kuwa kunnena ya riga ya ji abin da nasu bai ji ba. Wani ɗan karce-karce a ƙarƙashin tawul, sautin da nake ji kullum tun safe har yamma.

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Malama, kin ce in babu ɓera babu aikinki. Ni kuma Allah ya hore mini su."

Ya yaye tawul ɗin.

Keji ne na waya, sabo fil, da ɗan kwanon ruwa da shinkafa a ciki. Ga su nan, ɓerayen shago, masu launin ƙasa, idanu kamar ƙwayar barkono. Ya ci gaba da bayani a natse, wai tun ranar da na gaya masa ya kwashe duk gubar da ya zuba a shago, ya sa mai walda ya ƙera masa keji, ya yi ta fama da tarkon da ba ya kisa. Bai yi mini magana ba ne don ba ya son zuwa hannu rabbana. Ya ma ce ya zaɓo masu ƙiba, ramammun ya sake su.

Gwaggo ta zabura za ta haye kujera, ƙafarta ta daki kejin, ƙofar ta ɓalle.

Abin da ya biyo baya, wallahi hannuna ne ya yi, ba ni ba. Shekarun da na yi ina wannan aiki sun sa in ɓera ya fita daga akwati, hannu ke riga tunani. Na tsuguna na cafke na farko a gindin wutsiya, na jefa keji. Na biyu yana hawa labule na tsinko shi. Ɗaya ya shige ƙarƙashin tebur, ɗaya bayan takalmin Mama, duk na kamo su, na tura ƙofar keji da gwiwa na ce huɗu sun cika. Mama tana tsaye kan kujera riƙe da farantin kofuna tana salati. Mai Hatsi kuwa ya saki baki yana kallona kamar ya ga wadda ta sauko daga sama, na ji ya ce a hankali shi shekara goma yana bin su da sanda bai taɓa kama ɗaya da hannu ba.

Na miƙe ina haki, na dubi tafin hannuna. A nan jikina ya yi sanyi.

A ɗakin ɓerayenmu akwai doka wadda ba ta da ɗan gata. Duk wanda ya taɓa ɓeran waje ba zai shiga ba sai ya yi kwana uku. Ɓeran waje yana ɗauke da tasa tsutsar da nasa ƙwarin, ƙwansu kuma ido ba ya gani, suna maƙalewa a farce, a gashi, a bakin hannun riga. In suka shiga ɗakin, ɓerayen da muka bari lafiya su ma sai su kamu, jininsu ya ƙera makami, shi ke nan an rasa abin kwatantawa. Ba nawa kaɗai ba, har na sauran abokan aiki. Mu a can iddar ɓera muke ce wa kwanakin nan, da wasa. Ranar ban ga abin wasa ba.

Mama ta sallame shi da irin ladabin nan mai sanyi kamar ƙanƙara. Ya juyo ya dube ni yana jiran ko kalma ɗaya, ni kuwa fuskata ta riga ta ba shi amsa, na kasa ko cewa an gode. Na ga yadda hasken idonsa ya dushe. Bayan tafiyarsa na gaya musu zancen iddar, sai Gwaggo ta suri jakarta ta fita tana cewa ita dai ta ga abin da ya ishe ta, ɗiyar ƙaninta ba ta yi aure ba ga ta da idda.

Ba zan ɓoye muku ba, shaiɗan ya zauna kusa da ni da yammacin nan. Ya ce ki yi wanka da ruwan zafi, ki yanke farce, ki shiga ki yi aikinki, wa ya gani? Na yi wankan, na yanke farcen. Amma da safe da na isa bakin ƙofar ɗakin, na ga fararen riguna rataye da takalman roba a jere, ƙafata ta ƙi tsallakawa. Na ƙwanƙwasa gilashi na kira Anti.

Anti ita ce shugabar ɗakin, a bayan idonta Uwar Ɓeraye muke ce mata. Ita ta koya mini riƙon ɓera. Mace ce mai tabarau a kan hanci, tun da na zo ban taɓa ganin haƙorinta ba. Ta fito da jakarta a kafaɗa, don ranar rabin yini ta ɗauka, za ta raka 'yarta mai ciki asibiti. Na tsaya nesa na kwashe labari na gaya mata, har da tawul.

Ta dube ni ta saman tabarau. Ta tambaya da hannu na kama? Na ce eh. Wani ya cije ni? Na ce a'a.

"To aƙalla koyarwata ba ta faɗi ƙasa banza ba," in ji ta.

Sai kafaɗarta ta fara rawa. Jama'a, Uwar Ɓeraye ta yi dariya har sai da ta nemi benci ta zauna tana share ido. Da ta natsu ta ce ta daɗe a wurin nan, ta ga samari iri-iri suna zuwa ɗaukar 'yan matan ɗakin, kowanne da hannu a hanci. Ba ta taɓa ganin wanda ya ciyar da abokin gabarsa shinkafa don mace ba. Ta ciro waya ta kira surukinta ta ce ya bar abin da yake yi ya kai matarsa asibiti, ai shi ya ɗora mata. Ta ajiye jaka, ta ɗauki farar riga.

Shekaru ke nan da Anti ta bar ɗiban jini saboda ciwon yatsu. Ranar ta tsaya tun safe har bayan azahar, ni ina bayan gilashi a baranda ina nuna mata akwati bayan akwati, ita tana ɗiba. Wani lokaci sai in ga ta tsaya ta murza yatsunta, ta ci gaba. Ko sau ɗaya ba ta ɗago ta harare ni ba. In kuna da uwa irin wannan a wurin aikinku, ku riƙe ta hannu bibbiyu, ku sa ta a addu'a. Ta kuma aika aka kwaso kejin daga gidanmu zuwa wani ɗaki can bayan katanga inda ake ajiye dabbobin waje, ta ce in an samu izini su ma za a duba jininsu, dama an daɗe ana son ganin yadda na ɓeran da ya tashi cikin tsutsa yake.

Ɗakin gwaji daban yake da ɗakin ɓeraye, don haka washegari ni na yi gwajin da hannuna. Wani ɗan faranti ne mai ƙananan ramuka, kowane rami da ruwan jinin ɓera ɗaya. In akwai makamin, ramin sai ya rine. Na zuba maganin ƙarshe na zauna ina kallo, ko numfashin kirki ba na yi. Ramukan masu lafiya suka tsaya fari tas kamar ruwan sha. Na waɗanda suka taɓa yin tsutsa suka warke kuwa suka rine jawur da launi, sun fi kowa. Jinin ya tuna. Na kifa kai a tebur na yi kuka na, na gode wa Allah.

Sai a lokacin na iya rubuta wa Mai Hatsi. Na gode masa, na ce tun da nake ba a taɓa yi mini kyautar da ta kai tasa ba, sannan na yi masa bayanin dokar da abin da ya faru, ban rage komai ba.

*Ashe ɓarna na yi,* ya rubuto. Na ce ba ɓarna ba ce, rashin sani ne, kuma Allah ya rufa asiri.

*Kwana nawa dokar take?*

Na gaya masa.

*To.*

Wannan To ɗin kuma. Na kusa jefa wayar a bango. Na ce shi ke nan, kunya ta kore shi, ni da hannuna na kashe abin da na samu. Mama da ta ga ina juya cokali a abinci ta ce in rabu da shi, amma na lura ba ta mayar da kofunan baƙi cikin kabad ba.

Ranar Juma'a da yamma na fito daga aiki, sai na hango mutum tsaye a bakin get, can gefe. Da ƙyar na gane shi. Sabuwar riga ce a jikinsa, har layin ninki bai baje ba, ya yi aski, takalmi sabo. Na dubi hannun rigarsa, babu ƙurar fulawa ko ɗis.

Ya ce tun ranar da na gaya masa bai taka shago ba, ƙaninsa ya bar wa. A ɗakin wani abokinsa yake kwana, don nasa yana manne da sito. Kwastomomi har sun fara tambaya ko ciwo yake yi.

"Ban sani ba ko dokar ta hau kaina," ya ce yana kallon ƙasa, "amma ni ma na taɓa su. Na ce gara in cika kwanakin kafin in matso kusa da ke, kada in sake jawo miki."

Mutumin da ko rana ɗaya ba ya rufe shago. Na ja bakin mayafi na rufe fuska. Ya ɗan jira, sannan ya tambaya, to ɓerayen nawa, jinin nasu ya tuna? Na gyaɗa kai. Ya yi dariyar nan tasa ta mai laifi, ya ce alhamdu lillahi, shi ma yana da maganar da yake son manyansa su kai wa Baba, in na ba shi izini.

Kafin in amsa wayata ta yi ƙara. Saƙon murya ne daga Gwaggo. Na danna ba tare da tunani ba, muryarta ta cika bakin get. Wai yau ta buɗe jakarta za ta kai leshi wurin tela, ta tarar da leshin ya zama rariya, mai aikin kuma ya yi tsalle ya shige bayan kabad ɗinta. Yanzu haka tana sa mayafi za ta wurin Baba, in dai tana numfashi, ba mai ɓera da zai shiga zuriyarsu.

Mai Hatsi ya dafe kai. Ya ce dama biyar ya kawo, da ya ji na ce huɗu sai ya ɗauka shi ne ya yi kuskuren ƙirga.

Muka tsaya muna kallon juna. Na san abin da yake lissafawa, don ni ma shi nake lissafawa. In ya je ya kama ɓeran nan, kwanakin da ya yi sun tashi a banza. In bai je ba, Gwaggo za ta riga manyansa isa kunnen Baba.

Ya dubi sabuwar rigarsa, ya nannaɗe hannunta zuwa gwiwa.

"Kwatanta mini gidan Gwaggo," ya ce. "In na kama shi sai in sake kwanakin daga farko. Ke dai ki ajiye mini amsata."

Na kwatanta masa. Amsar kuwa tana bakina tun kafin ya kai bakin titi, amma na bar shi ya tafi ɗauko tarkonsa.